Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Baƙo Yake Zama Ɗan Gari?

Tambaya

 Ni malamin makaranta ne, haifaffen Zariya. Aiki ya kawo ni Aliero, bana shekarata ta bakwai ke nan. A nan na kama haya, a nan aka haifa mini 'ya'ya biyu. Tsakani da Allah ban taɓa ganin wulaƙanci ba, mutanen kirki ne. Amma har yau in za a kwatanta ni sai a ce "baƙon nan, Malam Bazazzagi." In na je Zariya hutu kuma, sai in tarar an yi aure, an yi haihuwa, an yi rasuwa ban sani ba, ana hira tana wuce ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanaki wani ya tambayi ɗana mai shekara biyar ɗan ina ne shi, ya ce ɗan Aliero. Na rasa ko in gyara masa ko in ƙyale shi. Baba, me ke sa wuri ya zama na mutum? Shekara nawa ake yi kafin baƙo ya zama ɗan gari?

Daga wani mai karatu, Aliero, Jihar Kebbi

Amsa

 Allah Ya raya maka yaran nan, Ya yi musu albarka. Wasiƙarka ta kwana biyu a hannuna ina juya ta, domin na san akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da yawa da ke ɗauke da irin wannan tambaya a zuci, ba su dai furta ba.

Bari in sauke maka nauyi ɗaya tun yanzu: kada ka gyara wa yaron, gaskiya ya faɗa. Zan dawo kansa. Batun adadin shekaru kuwa, babu shi. Na san wanda ya shekara talatin a gari, ranar da ya bar aiki aka raka shi tasha kamar jiya ya zo. Na kuma san wanda bai cika shekara uku ba, amma in za a yi sulhu tsakanin maƙwabta sai an aika an kira shi.

Kafin mu zo kanka, ina so ka dubi garin da idon mutanensa. Aliero ta saba da baƙi fiye da garuruwa da yawa da suka fi ta girma, amma duba irin baƙin da ta saba da su. Akwai mai sayen albasa. Yana zuwa lokacin da kaya suka fito, ya sauka wurin dillalinsa, a yi ciniki, a ɗinke buhuna, 'yan dako su cika mota, ya kama hanyar Legas ko Anacha ko Fatakwal. Akwai mai karaya. An san Aliero da ɗori tun kafin a san ta da jami'a. Ana ɗauko mutum daga nesa ya kwanta makonni a hannun masu ɗorin da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, ranar da ƙashi ya kama ya taka ƙafarsa sai ya yi godiya ya tafi. Sai kuma ɗalibi. Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha a garin a 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, kowace shekara samari da 'yan mata na shigowa da jakunkunansu, su yi shekara huɗu ko biyar, su karɓi takarda su yi gaba.

Duk waɗannan an karɓe su hannu bibbiyu, kuma dukansu masu tafiya ne. Garin da ya shekara da shekaru yana ganin haka dole ya riƙe maganar nan cewa baƙo raɓa ne, hantsi na ɗagawa ya ɗauke. Saboda haka in sun ce maka baƙo, kada ka ji ƙiyayya a ciki. Jira suke su ga alamar da za ta nuna musu kai ba ka cikin masu ɗaukewa da hantsi.

To wace alama? Bari in tambaye ka kamar yadda zan tambayi ɗan cikina. A cikin shekarun nan bakwai, sau nawa ka yi Sallar Idi a Aliero? Ragon layyarka a ƙofar wane gida ake yanka shi, su wa ke cin naman? Yawancin ma'aikatanmu da an ba da hutun Salla sai su loda iyali a mota su kama hanya. Ba laifi suka yi ba, iyaye suna da haƙƙi. Sai dai ka duba abin da maƙwabci ke gani: ranar da kowa ya koma inda yake kira gida, ƙofarka da kwaɗo take kwana. Kai da kanka kake sanar da unguwa sau biyu a shekara cewa gidanka yana wani wuri. Sun ji, sun kuma gaskata ka.

Ina saurayi, aiki ya taɓa kai ni wani gari da ban san kowa ba. Akwai wani ɗan masallacin ƙasa a bakin layinmu, nan nake salla, kuma ba da shiri ba na saba da tsayawa a gefen dama na sahun farko, kusa da wani dattijo mai sayar da igiya. Ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa mu. A shekara ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ni, asuba biyu ban fita ba. A ta uku, ana idar da salla na ji sallama a ƙofa. Dattijon nan ne riƙe da kwanon koko. Ya ce ya ga wurina babu kowa kwana biyu, shi ya sa ya zo ya ga ko lafiya. Wurina, in ji shi. Ashe ina da wuri a garin ban sani ba. Har gobe in na tuna garin nan, tabarmar gefen daman nan nake fara gani kafin ofishin da na yi aiki.

Tun daga ranar, wannan ne ma'aunin da na fi yarda da shi. Wuri yana zama naka ne lokacin da rashinka zai bar gurbi, har wani ya taso ya yi cigiyarka. Shi kuwa gurbi maimaici ke haƙa shi, kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya: masallaci ɗaya, mai shayi ɗaya, majalisa ɗaya bayan la'asar, fuskoki ɗaya a wurin jana'iza. Mai salla yau a nan gobe a can, wanda ke sayen biredi duk inda babur ɗinsa ya tsaya, yana iya shekara ashirin babu wanda zai lura da ranar da bai fito ba.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ina lura da shi game da mu masu albashi, kuma ina so ka saurare shi da kyau don ba kasafai ake faɗar sa ba. Mai albashi ba ya nuna buƙata. Komai da kuɗi yake saye, in ya rasa ya haƙura har ƙarshen wata, yana ganin roƙon alfarma zubar da girma ne. Unguwa kuwa da ƙananan basussuka ake saƙa ta. Aron tsani, aron turmi, ɗan gishiri, garwashin wuta, "don Allah ka duba mini yara zan je Jega in dawo." Kowane ɗaya zare ne. Wanda ba ya aro kuma ba a aro a wurinsa, babu zaren da ya ɗaure shi da kowa, komai kyan halinsa. Har wanda ke bayarwa kullum amma ba ya karɓa, girmama shi ake yi daga nesa, irin girmamawar da ake yi wa babban baƙo. In kana so maƙwabcinka ya ɗauke ka nasa, ba shi damar ya yi maka alheri. Tambaye shi wane mai hatsi ne ba ya tauye mudu. Roƙe shi ya raka ka sayen rago. In ya aiko da kwandon albasa lokacin girbi, kada ka maida masa da kuɗi. Ka karɓa, ka yi godiya, ka jira ranar da za ka rama da wani abu daban.

Ina kyautata zaton mai ɗakinka ta riga ka nisa a wannan fanni. Ka tambaye ta yau da dare gida nawa ta shiga barka, biki nawa ta kai gudummawa, ko tana cikin adashin matan layinku, da wace take musayar kwanon abinci ta kan katanga. Mata sukan riga maza zama 'yan unguwa, saboda rayuwarsu cike take da wannan ba-ni-in-ba-ka da na ambata, ga yara kuma da ke shiga kowane gida ba sallama suna ɗinke tsakani. Wataƙila ma ba wanda ke ce mata Bazazzaga. Da sunan ɗanta ake kiran ta, ɗan da aka haifa a nan, aka yi masa wankan jego da ruwan garin.

Sannan akwai sanin lokacin gari. Kai kalandarka zangon karatu ne da ƙarshen wata. Aliero kuwa da albasa take lissafin shekara. In damina ta ja baya a zuba iri. Bayan kamar kwana arba'in a tumɓuke tsiron a kai shi fangali a dasa. Hunturu duka a ban ruwa yake ƙarewa, da sanyin asuba ana jin kukan inji daga fadama, inda a da jigo ake ja da hannu. In zafi ya kunno kai a cire, gari ya ɗauki ƙamshin lawashi, mata su daka gabu. Daga nan sai babbar shawara ta shekara: a sayar yanzu da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, ko a zuba a rudu a jira watanni, ana fatar tsada ana tsoron ruɓa. Auren da za a yi, ɗakin da za a rufe da kwano, kujerar Makka, bashin taki, duk a kan wannan shawara suke rataye. Mutumin da zai zauna a majalisa ana wannan magana bai san me ke sa albasa ruɓewa a ajiya ba, bai san nawa buhu ya kwana jiya ba, to hira za ta wuce shi a Aliero kamar yadda ka ce tana wuce ka a Zariya. Kuma kai malami ne. Yaron da ke gyangyaɗi a ajinka cikin sanyi, mai yiwuwa tun kafin kiran salla yake fadama. In ka san haka, kallon da za ka yi masa zai canza, iyayensa kuma za su ji labari.

Ban ce lallai sai ka zama manomi ba. Amma da za ka nemi ɗan fangali biyu ko uku a gefen gonar wani maƙwabci, ka zuba kuɗin iri da taki, ka riƙa leƙawa ranar Asabar, da ka ga bambanci cikin shekara ɗaya. Mai shuka ba ya tafiya kafin girbi, kowa ya san wannan. Ka kuma lura da halin albasar kanta: inda aka zuba irinta daban, inda take yin kai daban. Sai an tumɓuke ta an dasa, ta yi yaushi kwana biyu kamar ba za ta tashi ba, sannan saiwa ta kama.

Wani masanin labarin ƙasa, Yi-Fu Tuan, haifaffen ƙasar Sin da ya yi koyarwa a Amurka, ya fitar da littafi a 1977 a kan bambancin fili da wuri. Abin da ya nuna shi ne, fili yana zama wuri in mutane sun zauna sun san shi, har ya yi daraja a zuciyarsu. Bahaushe ya riga ya ajiye wannan a kalma ɗaya, kufai. Matafiyi zai wuce ya ga gona da 'yan itatuwan kuka da tsohuwar rijiya. Jikan waɗanda suka tashi daga nan in ya zo sai ya nuna maka inda zauren kakansa yake. Ƙasa ɗaya suke kallo, labari ne ya bambanta su. Don haka ka nemi labarin. Sunayen da kake ji kullum a bakin ɗalibanka, Sabiyal, Ɗanwarai, Jiga Birni, Jiga Maƙera, Rafin Ɓauna, kowanne yana da dattijon da zai ba ka asalinsa in ka zauna ka tambaya. Rafin Ɓauna kaɗai ya isa ya sa ka tambayi yaushe rabon da a ga ɓauna a wajen, me ya kore ta. Babu abin da ke buɗe zuciyar tsoho kamar a tambaye shi tarihin garinsu da niyyar saurare. Ka fara da mai unguwarku. In tun da ka zo ba ka taɓa zuwa gaishe shi don gaisuwa kawai ba, ka je cikin makon nan, da ɗan goronka.

Harshe ma haka. Na tabbata yaronka "ya tahi" yake cewa, yana "lahiya lau," yana "mi kaka so," yana "wanga." Kada ka hana shi don kana ganin Hausar Zazzau ta fi daidai. Kai ma in bakinka ya fara karkata can, bar shi ya karkata. Za su yi maka dariya, kuma dariyar alheri ce. Ba a tsokanar wanda ake jin nauyinsa. Ranar da aka fara ja da kai a majalisa, an matso da kai kusa ke nan.

Yanzu mu zo kan sunan da ke damun ka, Malam Bazazzagi. Ɗana, a ƙasar Hausa kiran mutum da asalinsa ba korar sa ba ne. Ba sai ka je nesa ba, Jega tana nan kusa da kai. Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa garin ta kwashe mutane, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan shekaru, wajen 1820, ɗansa Buhari ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, mahaɗar fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro. Yau shekara ɗari biyu ke nan, zuriyar mutanen nan Gimbanawa ake ce musu, da sunan garin da suka baro. Wa zai ce Bagimbane baƙo ne a Jega? Su suka kafa ta.

Haka in ka shiga birnin Kano za ka tarar da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Ayagi da Yarbawa suka kafa. Mutanen waɗannan unguwanni Kanawa ne na cikin ganuwa, ba su da wani gari sai Kano, amma sunan hanyar da kakanninsu suka biyo yana nan liƙe da ƙofar gidajensu. Mu ma in mun je ƙasar wasu haka muke yi. An kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, kuma wani mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna da Hausawan wurin ya rubuta littafi a kansu a 1969, ya nuna yadda mai kawo shanu ko mai sayen goro ba ya shiga kasuwa sai ta hannun maigidan da ya sauke shi, wanda zai tsaya masa in an yi bashi, ya shaide shi in an yi rigima. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan ita ce ƙofar da Bahaushe ya sani tun fil azal, kuma ita ce ƙofar da ma'aikacin gwamnati ke tsallakewa, domin shi takardar canjin wurin aiki ce ta kawo shi, ba wanda ya sauke shi. Wa ye maigidanka a Aliero? Wane dattijo ne in ka yi laifi za a kai ƙararka wurinsa, in an yi maka zai ce "wannan yarona ne"? In babu, wannan gurbi ne da ya kamata ka cike, kuma mai gidan da kake haya ko limamin masallacinku sun isa.

Akwai fa inda maganata ba za ta yi maka amfani ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 da kansa ya yi amfani da wannan kalma ta ɗan asali, inda ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalinta. A aikace, ƙananan hukumomi ke ba da takardar, ana neman ta wajen shiga jami'a da ɗaukar aikin soja da ɗan sanda da sauran ayyukan gwamnati, kuma galibi asalin uba ake bi. Saboda haka yaronka da ya ce shi ɗan Aliero ne, ranar da zai cike fom mai yiwuwa Zariya za a tura shi. Ni a ganina wannan tsari yana cutar da yaran da ba su san wani gari ba sai wanda aka haife su, kuma ya cancanci gyara. Kafin a gyara, ka nema wa 'ya'yanka takardarsu tun da wuri ka adana. Amma kada ka bari takarda ta zama ita ce mai gaya maka inda kake. Dattijon da aka haifa a Aliero a 1960 ɗan Jihar Arewa ne a lokacin. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ɗan Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta 1991 ya wayi gari ɗan Jihar Kebbi. Sau uku sunan jiharsa yana canzawa a takarda, shi kuwa yana zaune a zauren da aka raɗa masa suna.

Dubi kuma hanyar da ta ratsa garinku. In ka taso daga Sakkwato za ka wuce Shagari, ka wuce Tambuwal, ka iso Aliero, ka shiga Jega, kafin ka miƙe Maiyama da Koko. Kamar kana karanta jerin sunayen manyan ƙasa ne: Shehu Shagari da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, Aminu Waziri Tambuwal, Adamu Aliero, Farfesa Attahiru Jega da ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Ɗabi'ar liƙa sunan gari a bayan sunan mutum ta yaɗu ne ta rajistar makarantun boko, inda ake tara yara daga garuruwa daban-daban, ga Muhammadu biyar a aji ɗaya, sai a bambanta su da inda suka fito. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Mutum ba ya buƙatar a kira shi da sunan garinsu sai ya bar garin. Kai ma a Zariya ba wanda ya taɓa ce maka Bazazzagi. A Aliero ka samu sunan, kuma wata rana in ɗanka ya tafi karatu Kano ko Kaduna, abokansa Aliero za su riƙa ce masa ko ya so ko bai so ba.

Game da Zariya da ka ce hira tana wuce ka, wannan ciwo ne na gaske, kuma ban san maganin da zai warkar da shi gaba ɗaya ba sai ragewa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Garin da ka baro bai tsaya jiran ka ba, yaran da ka bari suna rarrafe yau su ke tuƙa babur. Zumunta a ƙafa take, yanzu kuma waya ta rage wa ƙafa aiki: ka sa wa kanka ranar da kake kiran iyaye da 'yan uwa, ka samu mutum ɗaya a dangi da zai riƙa sanar da kai rasuwa da haihuwa a ranar da suka faru, ka yi ta'aziyya da zafinta. Amma kada ka ɗauka son wuri biyu cin amana ne. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar Makka yana bayyana irin son da yake yi mata. Da suka isa Madina zazzaɓin garin ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, har Bilal yana begen kwarurukan Makka, sai Annabi ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Bayan an buɗe Makka, duk da yana da ikon ya zauna a mahaifarsa, ya koma Madina, a can kuma kabarinsa yake. Ka ga ashe son sabon wuri abu ne da ake roƙa, ake kuma yi wa aiki.

Ina da magana ɗaya ga mutanen Aliero da Jega da Maiyama masu karanta wannan shafi. Malamin da ke koyar da 'ya'yanku shekara bakwai, in an tashi gayyar gyaran maƙabarta ko yashe magudanar ruwa ko taron gyaran masallaci, ku aika masa kamar yadda kuke aika wa kowa, ku kuma sa shi cikin karo-karo. Sau da yawa kunya ce ke sa ku tsallake ƙofarsa, kuna cewa kada a ɗora wa baƙo nauyi. Shi kuwa wannan nauyin yake jira.

Sai yaron. A Aliero aka binne cibiyarsa, a layinku ya koyi tafiya, abokan wasansa na nan, ƙamshin lawashi shi ne ƙamshin da zai riƙa tuna masa yarinta har ya tsufa. In ka ce masa "a'a, kai ɗan Zariya ne," ka ƙwace masa abin da ya sani ka ba shi abin da bai sani ba tukuna. Ƙara masa za ka yi. In kun je Zariya ka kama hannunsa ka zaga da shi, ka nuna masa zauren kakansa, da makarantar allon da ka yi, da ganuwa, da ƙofar da kuke bi in za ku kasuwa, ka bar shi ya kwana ɗakin kakarsa. Da kansa zai fara cewa shi ɗan Aliero ne amma babansa Bazazzagi ne, kuma duka biyun gaskiya ne.

Ga abin da nake so ka gwada bana. Ka raba Sallolin nan biyu: ɗaya ka kai wa iyaye, ɗaya ka yi a Aliero. Ka nemi izininsu tun da wuri, ka yi musu bayani, ka aika musu da abin Salla. In Babbar Salla ce ka zaɓa, ka yanka ragonka a ƙofar gidan da kake haya, ka ba yaron kwano ya kai nama gida-gida da ƙafarsa, kai kuma ka bi sahun masu zuwa gaishe da mai unguwa da liman. Bayan Salla ka sake rubuto mini, ka gaya mini gida nawa suka aiko muku da tuwo, da kuma sunan da aka kira ka da shi a filin Idi.